Shiru-shiru ba kunya ba ce

Tambaya: Malama, ɗana mai shekara 15 ba ya son taro, kullum yana ɗaki da littafi. Kunya ce ko ciwo?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Tun 1921 masanin halayyar ɗan Adam, Carl Jung, ya bambanta masu son cuɗanya da masu son keɓewa, kuma yawancinmu muna tsakiya ne. Mai kunya yana son shiga mutane, tsoro ke hana shi. Ɗanki kuwa, a ganina, hayaniya ce ke gajiyar da shi, sai ya keɓe ya huta. Don Allah kada ki matsa masa. Amma idan barci ya gagare shi, ko ya yar da littafin ma, ki kai shi wurin likita.