'Yata ta ce tana "manifesting": ina asalin wannan kalma?

Tambaya: Malam, 'yata tana aji biyu a jami'a. Kwanan nan ba ta da magana sai "manifesting", har ta tura wa wata mata kuɗi a intanet wai za a koya mata. Ga jarrabawa ta ƙarato, ban ga tana buɗe littafi ba. Anya ba tsafi ba ne? Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, kalmar ba ta da aljanu. Manifest daga Latin ta fito, manifestus, kuma gaɓarta ta farko manus ce, wato hannu. A dokar Rumawan da, ɓarawon da aka kama dumu-dumu da kaya a hannu shi ne fur manifestus, hukuncinsa ya fi na wanda aka gano daga baya tsanani. Ma'anar ke nan: abin da ya fito fili, babu musu. Turanci ya aro ta a ƙarshen ƙarni na 14. Manifesto, takardar da 'yan siyasa ke baje manufofinsu, 'yar'uwarta ce da ta biyo ta Italiyanci. Haka ma manifest ɗin da ake cikewa a tasha kafin mota ta tashi, asalinsa jerin kayan jirgin ruwa ne da ake nuna wa kwastan.

Ki lura, a duk waɗannan abin yana nan tun farko, bayyana shi kawai aka yi. To nan masu sayar da darasi suka murɗe ta. Wai ka rufe ido, ka ƙudurta mota ko digiri a ranka, ka yi ta nanatawa, sai abin ya zo da ƙafarsa. Wannan ra'ayi ya samo tushe daga wata ɗariƙar tunani ta Amurka a ƙarni na 19, littafin The Secret na 2006 ya farfaɗo da shi, zaman kullen korona da TikTok suka ƙarasa aikin. A 2024 ƙamus ɗin Cambridge ya zaɓi manifest kalmar shekara, tun daga nan ɗalibai ke zuwa mini da hujjar wai "ai ƙamus ma ya yarda". Na gaji da wannan magana! Ƙamus rubuta abin da mutane ke faɗa yake yi, ba ya tabbatar da gaskiyarsa. Kalmar dodo ma tana cikin ƙamus.

Kuma ba ɓata lokaci kaɗai ba ne. Masaniyar halayyar ɗan'adam Gabriele Oettingen ta daɗe tana nuna cewa mai yawan jin daɗin nasara a zuci, ƙwazonsa raguwa yake yi, kamar ya riga ya isa. Wani bincike na Jami'ar Queensland a 2023 ya gano masu imani da abin sun fi karkata ga zuba kuɗi a harkoki masu kasada. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar masu sayar da darasin nan: in buri ya cika, su ne suka yi, in bai cika ba, ke ce kika bari shakka ta shige ki, sai ki sake biya. Ko boka bai kai su wayo ba. Wasu ma har da addu'a suke haɗa shi, alhali mai addu'a roƙo yake yi, kuma ya san da tashi in taimake ka.

Kada ki ce mata ta shiga tsafi, ɓoye miki za ta fara yi. Ki zaunar da ita, ta nuna miki jadawalin jarrabawar da inda ta tsaya a kowane darasi, sannan ku duba tare nawa ta tura wa matar.