Amsa Ga Yaron Garajina: Farkon Hawan Moto Da Shuɗiyar Da Aka Kashe Mini

Jiya da la'asar, muna cikin kwance injin moto samfurin Kasea ɗin nan na ɗan kabu-kabu, ka ce mini, "Maigida, wai ta yaya mutane suka fara hawan moto, kuma wa ya koya wa na farko?" Ban tanka maka ba a lokacin, domin akwai masu jiran aiki, kuma tambayar taka ta fama mini wani miki da na fi shekara 30 ina ɗauke da shi. Yanzu da na samu natsuwa, ga amsarka.

Babu wanda ya koya wa na farko, ɗana, saboda mahayan farko su ne maƙeran abin da hannunsu. A shekarar 1885, a ƙasar Jamus, Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach suka ɗora ƙaramin injin fetur a kan gangar jiki ta katako mai ƙafa biyu, suka ƙara mata ƴan ƙananan ƙafafu a gefe don kada ta kife, kuma ɗan Daimler ɗin, wani saurayi mai suna Paul, shi ya fita da ita kan hanya. Sai a 1894 kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munik ya fara ƙera moto da yawa domin sayarwa. Harley-Davidson da kuke liƙa hotonsa a waya, a 1903 ya fara, cikin wata rumfar katako a Amurka da ba ta fi garajin nan namu girma ba. Shi kuma Soichiro Honda na Japan, a 1946, ragowar ƙananan injunan da sojoji ke ba rediyo wuta da su ya riƙa saye yana ɗaura wa kekuna. Ka lura da kyau, kusan dukkansu daga keke suka taso, kuma sun san cikin inji kafin su san daɗin iska.

Mu ma nan Maradi ta ƙofar keke abin ya shigo. Solex ta Faransa, wadda aka fara sayarwa a 1946, keke ce kawai da inji a bisa tayar gaba, wani ɗan gurzau yana murza tayar, kuma da ruwa ya jiƙa ta sai ya riƙa zamewa. Mobylette ta kamfanin Motobécane ta biyo baya a 1949, da fedarta, sai ka taka kamar keke kafin inji ya kama. Malaman makaranta da na asibiti da ma'aikatan gona su muka buɗe ido muka gani a kansu, daga baya ƴan kasuwa suka riƙa shigo da Yamaha da Honda da Suzuki daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, mai gyaran keke ne, liƙin taya da ɗaurin sarka ya fara da su. Ba zan tsaya gaya maka yadda ake tayar da moto ko sa giya ba, wannan ko yaro ɗan shekara goma a unguwar Zariya ya san shi.

Abin da tambayarka ta tuna mini shi ne wata Mobylette shuɗiya da na haɗa da hannuna. Gawarta na saya wajen wani tsohon ma'aikaci, na yi shekara biyu ina tara mata kaya ɗaya bayan ɗaya, yau fistan, wata mai zuwa bel, har ta tashi tana kuka lafiya lau kamar ranar da ta fito daga akwati. Niyyata in sayar da ita in haɗa kuɗin aurena. A ƙarshen 1993 wani Alhaji ɗan kasuwa, wanda yake sahu ɗaya da mahaifina a masallaci, ya zo ya ce yana son ta domin ɗansa da ya ci jarrabawa. Muka daidaita a kan jika 120, ya ba ni jika 20, ya ce saura sai kayansa sun iso. Ban nemi takarda ba, ban kira shaida ba, domin a tarbiyyarmu yaro ba ya ce wa sa'an ubansa ya sa hannu.

Kwana biyu na yi ina koya wa ɗan nasa hawa a fili. Sau uku na tsayar da shi na ce masa wannan injin ba shi da wurin ajiye baƙin mai a ƙasa, man da ke shafe fistan da ƙarafan ciki a cikin fetur ake gauraya shi, saboda haka duk inda ya tsaya shan mai ya ce a ba shi haɗi, kada ya yarda da zalla. Sau ukun nan amsarsa ɗaya ce, "Na sani," idonsa yana kan madubi yana gyara hula.

Rana ta huɗu aka kawo mini ita a kan amalanke daga hanyar Tibiri. Na taka feda, ko motsi. Da na buɗe kan inji sai na ga fistan ya narke ta gefe ya manne da bangon silinda, zobbansa sun nutse a ciki, wurin ya bushe ƙamas babu ko ɗigon maiƙo. Na tsoma yatsa a tanki na murza, fetur ya tashi nan take ya bar yatsana fari fat. Zalla ya saya a kwalba a bakin hanya don ya rage ƴan daloli, ya buɗe mata wuta cikin rana har ta ci kanta.

Alhaji ya ce ruɓaɓɓen kaya na sayar masa, in mayar masa da kuɗinsa. Muka je gaban mai unguwa, yaron ya rantse cewa haɗi ya sha, ni kuwa wautar da na yi ita ce na riga na zubar da man tankin na wanke shi, kuma ni kaɗai na buɗe injin, babu idon kowa. Dattawa suka ce ni ne ƙarami, in yi haƙuri. Na ciwo bashi na mayar da jika 20. Ban gama haɗiye wannan ba sai ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗin Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, kayan Mobylette kuwa daga can suke zuwa, silinda da fistan suka fi ƙarfina. Aurena sai da ya ƙara shekara guda cur.

Abin da har yau ban yafe ba shi ne wanda na gani bayan mako uku. Yaron ya wuce ta gaban garaji a kan sabuwar Yamaha 100, irin mai tankin baƙin mai daban a gefe, wadda famfonta ke haɗa man da kansa. Yaron shagon Alhajin da kansa ya gaya mini cewa da suka je Kano, maigidansa cewa ya yi a nemo masa wadda ba sai an gauraya mata mai ba. Ashe tun ranar farko ya san wanda ya kashe ta.

Ku ƴan yanzu kun tarar da abin a sauƙaƙe. Tun da motocin Sin da na Indiya suka cika kasuwa, yaro yana samun kuɗin kakar bana sai ya sayi moto da safe, da yamma yana tsaye a kanta a rakiyar amarya, ya cire madubi, ya fasa salansa don unguwa ta ji shi. Injunan yanzu baƙin mansu a ƙasa yake, an raba ku da wahalar haɗi, amma ko juyen man ma ya gagare ku. Kai ka kwance murfin man Kasea ɗin jiya, ka ga abin da ya fito, baƙi kirin kamar kwalta, bai cika kofin shayi biyu ba, kuma mai ita yana rantsuwa cewa bai daɗe da juyewa ba.

Don haka daga yau, duk injin da aka kawo ya ci, kada ka ɗora masa sifana sai mai shi yana tsaye da wani na uku. Ka tsiyaye man a gabansu, ka zuba a kwalba ka ajiye har a gama magana. Moto kuma ba ta fita garajin nan da alkawarin baki, ko da limamin unguwa ne ya aiko, sai kuɗi cikakke ko takarda da shaidu biyu. Fistan ɗin shuɗiyar nan yana nan a ƙasan akwatin ƙarfe, naɗe cikin tsumma. Gobe idan ka buɗe garaji ka ɗauko shi ka duba gefen da ya narke, ka gwada shi da na Kasea ɗin, sannan ka wanke mini kayan injin nan kafin in iso.