Iska da Ruwa Sun Yi Masa Biyayya: Me Markus 4:39-41 Yake Koyarwa?

Tambaya: Fasto, salama. A Markus 4:39 Yesu ya tsawata wa iska da teku, suka natsu. Na ji wani mai wa'azi yana cewa duk mai bi zai iya yin haka in bangaskiyarsa ta kai. Abin da ayar take koyarwa ke nan?

Amsa: Salama, 'yar'uwa. A'a, ba can ayar ta dosa ba. Inda ta dosa yana aya ta 41, a tambayar da almajiran suka yi wa juna cikin tsoro: wane ne wannan, da har iska da ruwa suke masa biyayya?

Tekun Galili, inda guguwar ta sami Yesu da almajiransa a cikin jirgi, tafki ne a cikin kwari, kimanin mita 210 ƙasa da matakin teku, tsawonsa kilomita 21, faɗinsa 13. Tuddai sun kewaye shi. In iska mai sanyi ta gangaro ta tarar da zafin da ke kan ruwan, nan take guguwa take tashi. Jirgin masunta na wancan zamani da aka tono a gaɓar tafkin a 1986, tsawonsa mita 8 ne da ɗoriya, faɗinsa mita 2.3, gefensa kuma gajere. Irin wannan jirgi ba ya daɗewa yake cika da ruwa. Ga shi kuwa cikin almajiran akwai masunta irin su Bitrus da Andarawas, waɗanda wannan ruwa ne wurin sana'arsu. Ba tsoron banza suka ji ba.

To, lura da abin da Yesu bai yi ba: bai yi addu'a ba. Musa ya miƙa hannu a kan teku ne bisa umarnin Allah (Fitowa 14:16, 21). Iliya sai da ya sunkuya ƙasa a Dutsen Karmel kafin ruwan sama ya zo (1 Sarakuna 18:42). Yunusa ma, da shi ma barci yake yi a jirgi kamar Yesu lokacin da guguwa ta tashi, cewa aka yi ya tashi ya roƙi Allahnsa. Yesu kuwa umarni ya bayar da bakinsa. Kuma ba iskar kaɗai ta kwanta ba, ruwan ma ya yi tsit, alhali bisa al'ada raƙuman ruwa sukan ci gaba da tashi bayan iska ta tsaya.

Bayahuden da ya taso da Zabura ya san wannan aikin wane ne. Zabura 89:9 da 107:29 sun ce Ubangiji ne yake kwantar da haukan teku, a Ayuba 38:11 kuma shi ya shata wa teku iyaka. Shi ya sa tsoron almajiran ya ƙaru bayan guguwar ta wuce. Ikkilisiya tana ganin abu biyu a jirgin nan: mutum na gaske da yake barci a kan matashi, da Allah na gaske mai mulkin halitta. Wannan ce koyarwar da babban taron shugabannin ikkilisiya a garin Kalsidon ya tabbatar a shekara ta 451.

Kuskuren mai wa'azin shi ne mayar da shaida a kan Almasihu ta zama dabara a hannun mai bi. Illarsa babba ce: duk wanda ambaliya ko haɗarin jirgi ya ci nasa sai ya ɗauka ƙarancin bangaskiyarsa ne ya jawo. Amma Bulus sau uku jirgi yana fashewa da shi (2 Korintiyawa 11:25). A Ayyukan Manzanni 27, har dare na 14 guguwa tana kora jirgin da Bulus yake ciki, su 276, bai tsawata wa iskar ba. Tun farko ya ba da shawara kada a tashi, aka ƙi ji. Daga baya ya isar musu da alkawarin Allah cewa ba wanda zai mutu, ya hana masu tuƙin jirgin gudu, ya sa kowa ya ci abinci. Jirgin ya farfashe, wasu suka yi iyo, wasu suka kama katako, duka suka kai gaci.