Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, Visual C++ 2010 ne babu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce manhajar lissafin shagonku na Agege ta ƙi buɗewa a kwamfutar da ka sayo a kasuwar Computer Village ta Legas, tana cewa babu MSVCR100.dll. Kada ka mayar da kwamfutar. Fayil ɗin yana cikin Visual C++ 2010 Redistributable ne, wato wani ƙunshin fayiloli na Microsoft da wasu manhajoji ke buƙata kafin su yi aiki; tsohuwar kwamfutarka tana da shi, sabuwar ba a sa mata ba.

Inda mutane ke ruɗewa: ko da Windows ɗinka 64-bit ce, in manhajar 32-bit ce, nau'in x86 (wato na 32-bit) za ka sa. Kuma na 2015 ba ya maye gurbin na 2010, tare suke zama. Don Allah daga shafin Microsoft kaɗai za ka sauke, masu raba fayil ɗin shi kaɗai sukan haɗa da cutar kwamfuta (virus).