Amsa ga Yayata ta Kano kan biskit ɗin Disamba

Yaya, kin tambaye ni me ya haɗa ni da gashin biskit da kek a watan Disamba alhali ba Sallah ake yi ba, sannan kika ƙara da wasa, wai ko Hausancinmu na Kumasi saura suna kawai. Na san wasa kike yi. Amma ba ke kaɗai ke yin irinsa ba, duk wanda ya zo mana daga gida sai ya yi, shi ya sa na ga gara in amsa a fili kowa ya karanta.

Da farko dai sana'a ce. A ƙidayar 2021 Kiristoci sun kai kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, mu Musulmi kusan kashi 20. Macen da ke gashi don sayarwa, in ta ce ba ruwanta da Buronya, wato Kirsimetinsu, to ta rufe ƙofar babbar kasuwarta ta shekara da hannunta. Kuma ko a cikin zango, unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi, Disamba watan biki ne, yara suna hutu, na Turai da Amurka sun dawo, kusan kowane ƙarshen mako akwai ɗaurin aure a Aboabo ko Asawase. Ga kuma wani dalili da ku mutanen Kano ba za ku taɓa tunawa da shi ba, don ba ku san wahalarsa ba. Kumasi garin kurmi ne. Damina biyu muke yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba, kuma ko ba a ruwa iskar a jiƙe take. Girebar da za ki ajiye a Kano ta yi makonni tana garas-garas, a nan kafin ki waiwaya ta saki. Sai hunturu ya sauko a Disamba da Janairu abin gashi ke riƙe ƙarfinsa. Shekarun da Sallah ta faɗo tsakiyar damina kuwa, sai ranar jajibere ake gashi, a cusa a gwangwani mai murfi tun bai gama shan iska ba.

Abin da nake gasawa ba wani abin mamaki ba ne. Biskit ɗin bota ne kan gaba: fulawa mai laushi, ba ta burodi ba, da bota, da sukarin da aka daka ya yi gari, da gyaɗar ƙamshi. Mutanen Gana ba sa yarda an yi gashi in ba su ji gyaɗar ƙamshi ba, har a burodinsu tana nan, mu ma hancinmu ya saba. Da yatsu ake murje botar cikin fulawa har su yi wara-wara, ba a cuɗawa, in an cuɗa ya yi tauri. A murza da kwalba, a yanka da bakin gwangwanin madara. Da Sallah ina fitar da wata da tauraro. Da Disamba, in mai oda ta kawo abin yanka mai siffar bishiya, bishiya nake fitar mata. Ƙullin ɗaya ne.

Sai waɗanda ake zubawa a tire guda a yanka gunduwa-gunduwa, su ne ma suka fi tafiya don suna da auki. Akwai nkate kek, na gyaɗa. Sukari ake narkawa ba ruwa har ya yi ja, a juye soyayyiyar gyaɗa da aka ɓarza, a zube a kan katakon da aka shafa wa mai, a bi da kwalba, a yanka nan take tun da zafinsa. In kika tsaya amsa sallama ya huce, sai dai fasawa. Akwai kube kek na kwakwa, ɗan uwan kwakumetinku, sai dai a nan kwakwa araha take don daga bakin teku ake kawo ta lodi-lodi. Akwai polo, fulawa da gurzajjiyar kwakwa a soya, akwai acomo wanda shi ne cincin ɗinku ba wani bambanci. Biskit ɗin Agbozume na mutanen Ewe, mai sitacin rogo da ruwan kwakwa, shi kam saya nake yi, mai haƙoran kirki kawai ke iya masa.

Na cakulan ɗin da kika fi zargi, wanda yara ke kira burawni, ƴata ce ta koyo shi a waya. Ƙwai da bota da sukari da garin kokon cakulan, fulawa ƴar kaɗan, a cire shi tsakiyarsa na da sauran danshi. Inna har yau cewa take kek ne da bai nuna ba, ba ta ci. Ni kuwa ban ga baƙuntarsa ba. Gana na sahun gaba a duniya wajen noman koko tare da Kodibuwa, ana ta nomansa tun da Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879, kuma ƙwadagon gonakin yankin Asante ƴan arewa ne suka yi mai yawa a cikinsa, ƴan zango suka yi dakon buhunansa. Babanmu ya yi wannan dakon kafin ya samu rumfa. A Tema ake yin cakulan ɗin Golden Tree. In jikanyarsa ta zuba garin koko a tire, ba kayan aro ta taɓa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne tsadarsa, a ƙasar da take noma shi.

Ita Inna da ke raina burawni, ba ta taɓa mallakar obin ba. Yashi take zubawa a ƙasan babbar tukunya, ta ɗora a kan gawayi, ta jera gwangwanayen kek a ciki, ta zuba garwashi a kan murfi. In aikin ya yi yawa, mu yara ake ɗora wa tire a ka zuwa wurin mai burodi, a jira ya kwashe burodinsa daga tanderun ƙasa, a saka namu a sauran zafin, a ba shi ɗan abin da ya samu. Lokacin dumso, wajen 2015, da wuta ta zama sai an ga dama, masu obin ɗin lantarki da yawa tukunyar yashin nan suka koma wa.

To, na san abin da ke ranki, zama da maɗaukin kanwa. Bari in gaya miki inda muka ja layi, don mun ja shi tun kafin a haife ni. Gidanmu gidan haya ne irin na Kumasi, ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Maame da ke ɗakin kusa da famfo ƴar Asante ce, ƴar coci. Kek ɗin Kirsimeti na gargajiya da giya ake jiƙa busassun ƴaƴan itacensa, ta san haka, ta kuma san mu, don haka biyu take yi, namu daban a gwangwani daban, ba mu taɓa roƙonta ba. Kazar bikinsu maigidana ake kawo wa ya yanka don kowa a gidan ya iya ci. Ba ma zuwa coci, ba ma kafa bishiya, yaranmu sun san ba ranarmu ba ce. In ta yi mini fatan shekara mai albarka da harshenta ina amsa mata. Da Sallah ita ke riga kowa cewa barka da Sallah, da layya kuma kasonta na nama ba ya tsallakewa, tare da tiren gireba da acomo. Sallolin biyu ma ranakun hutu ne na ƙasa baki ɗaya tun zamanin Shugaba Rawlings. In kuma malami kike nema, Babban Limamin Gana Shaihu Usman Nuhu Sharubutu da ƙafarsa ya shiga cocin Christ the King a Akara a 2019, lokacin da yake cika shekara 100, ya gaida su ya fito da rawaninsa. Ba kowa ne ya ji daɗi ba ko a cikinmu, an yi ta muhawara, amma ba wanda ya ce Shaihu ya bar salla.

Tiren da ke tsakaninmu da Maame ma ya girme ni. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Zango ya yamutse. Mutanen da aka haifa a nan, ba su taɓa ganin Najeriya ba, suka wayi gari ana ce musu baƙi. Ƙanen Kakanmu yana cikin waɗanda suka hau mota, shi ya sa ma ke kika tashi a Kano ni na tashi a nan. Kaka ta sha ba mu labarin yadda ta kwana tana daka dakuwa da suyar cincin na guzuri, don su ne ba sa lalacewa a hanya. Uwar Maame ce ta karɓi mabuɗin ɗakinsa da keken ɗinkinsa ta ɓoye, ta hana kowa taɓawa, har aka samu wanda ya kai masa kuɗinsa. Tun daga nan ba Sallar da ta wuce ba a kai musu tire ba, ba Buronyar da ta wuce ba su kawo ba. Ba zan zama wadda za ta yanke shi ba don wani a Kano ya ga hoto ya yi tsaki. Kuma kar ki ce Gana ce kaɗai ta iya kora, a 1983 ku ma kun rama, jakar "Ghana Must Go" ma har yau sunan ke kanta.

Batun ko mu Hausawa ne kuwa, yana ba ni dariya yana kuma ba ni ciwo. A wani ofishi a nan an taɓa tsare ni da tambayar garin kakan kakana kafin a yarda ni ƴar ƙasa ce. In mun zo Kano kuma, ƴan Gana ake ce mana, ana dariya don yaranmu na cewa "Mama ya zo". Gaskiya ne Hausarmu ta sha ruwan kurmi, don zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagomba da Mosi da Wangara da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarbawa, duk da Hausa suke ciniki da faɗa da neman aure, dole ta sauya. Amma ki tuna ta yaya muka zo. Fataken Gwanja ne kakanninmu, masu bin goro har kasuwar Salaga. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su, wasu suka bi Alhaji Umaru, haifaffen Kano, zuwa Kete Krachi inda ya rasu a 1934, wasu suka gangaro Kumasi bayan Turawa sun kama ta. A Akara Malam Bako ya kafa Sabon Zango. Yau ki fita da asuba a kowane gari na Gana ki ga layin koko da ƙosai, kuma kokon Hausa suke kiransa. Waakye, tuwon zafi, masa, pinkaso, fura, tsire, duk daga hannun matan zango da mahautan zango suka shiga bakin kowa. Mun ɗauki kwakwa da gyaɗar ƙamshi a wurinsu, su kuma karin kumallonsu gaba ɗaya a hannunmu yake.

Aure ne wurin da ba zan yi miki kwaskwarima ba. Mazanmu sun daɗe suna auren matan Asante, ba yau aka fara ba. Su Asante ta wajen uwa suke lissafin dangi, mu ta wajen uba, don haka ɗan Bahaushe da ƴar Asante kowane ɓangare nasa ne, ba ya rasa gida. Matar ƙanena haka take, ta musulunta kafin aure, yanzu ta fi ni iya nakiya, abin kunya. Ranar da aka kai ta, danginta kube kek da polo suka haɗo a cikin gara, tsofaffinmu suka yi ta taɓe baki suna ci har ya ƙare. Amma mace tamu ta auri wanda ba Musulmi ba, wannan har yau yana raba gida, kuma yana faruwa, musamman ga waɗanda suka yi jami'a. Ina da ƴa budurwa, kin ga ba daga nesa nake magana ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce biskit ne ke jawo shi.

Inda kika fi ni gaskiya shi ne alkaki. Ya yi wuya a nan, yaran yanzu wasu sunansa kawai suka sani. Ba mantuwa ba ce, alkama ce babu. Gana ba ta noma ta, daga waje ake shigo da ita ta jirgin ruwa a niƙa a Tema da Takoradi, fulawa kawai ke iso mana kasuwar Kejetia. Ku da kuke da alkamar Kadawa a bakin ƙofa ba ku san gatan da kuke ciki ba. Alkaki kuwa ɓarzajjiyar alkama yake so, a kwaɓa a bar ta ta yi tsami, a naɗe a soya a tsoma a zuma ko ruwan sukari mai tsamiya. Na fulawa zalla da wasu ke yi a nan, ni ban kira shi alkaki ba. Nakiya dai tana nan daram don shinkafa ba ta yanke mana ba, dublan ma akwai tsofaffi biyu a unguwarmu da har yanzu ake bin layinsu in biki ya taso, kuma ba su da magada.

Saboda haka in masu mota na Kano za su taso kafin azumi, ki auno mini alkama tiya biyu da kimba mai kyau, zan tura miki kuɗin. Ki kuma tambayar mini Goggo ko da tsamiya take tsoma nata ko da lemon tsami, da yadda take gane ƙullin ya isa suya, don a nan da zafi da laima yana riga lokacinsa yin tsami.