Amsa: Me ya sa Japanawa har yau suke sayen faifan waƙa?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda aka yi waƙa guda take sayar da faifai miliyan a Japan alhali duniya ta koma sauraro ta intanet. Japan ita ce kasuwar waƙa ta biyu mafi girma bayan Amurka, kuma faifan CD bai mutu a can ba.

Babban dalili shi ne abin da ake cusawa cikin kwalin. Dubi AKB48, rukunin 'yan matan da Yasushi Akimoto ya kafa a unguwar Akihabara ta Tokyo a 2005. Faifansu kan zo da tikitin zuwa gaisawa da mawaƙiya hannu da hannu. Daga 2009 zuwa 2018 kuma sun riƙa shirya zaɓe inda masoya ke zaɓen waɗanda za su jagoranci waƙa ta gaba, ana sanya ƙuri'a a cikin faifai. To sai ka ga mutum ɗaya ya sayi kwafi da yawa don gwanarsa ta yi nasara, jadawalin Oricon kuwa, wanda ke jera waƙoƙin da aka fi saye a Japan, yana ƙirga kowane kwafi. Ni dai wannan lissafin bai gamsar da ni ba, domin ƙaunar masoya yake aunawa, ba ingancin waƙa ba.

Idan sayuwa ta gaskiya kake nema, saurari Utada Hikaru. Kundinta na farko da harshen Japan, First Love, ya fito a 1999 tana da shekara 16, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 7 a Japan kaɗai, kuma babu kundin da ya kamo shi a ƙasar. Da shi zan ce ka fara.