Yaushe kamanceceniyar rigar waya take zama satar fasaha?

Tambaya: Malam, na ga kamfanonin rigar waya suna zargin juna da satar zane. Ai duk rigunan kama suke da juna, to me ake sacewa?

Amsa: Gaskiyarka, siffar riga wayar ce take tsara ta. Ramin kyamara da na caja dole su zo wuri ɗaya a wajen kowa, kuma babu kotun da za ta kama mutum a kan wannan. Dabara ma ba ta da mai ita. Abin da dokar haƙƙin mallaka take karewa shi ne ainihin hoto ko zanen da wani ya zauna ya yi.

Rigimar kamfanonin rigar waya biyu, dbrand na Kanada da Casetify na Hong Kong, ta nuna bambancin sarai. dbrand, tare da Zack Nelson mai tashar JerryRigEverything a YouTube, suna da wani zane mai suna Teardown da ke nuna kayan cikin waya kamar an cire mata baya. Buɗe wayar suke yi, su ɗauki hoton cikinta, sannan su zauna su gyara shi dalla-dalla. A Nuwamban 2023 suka maka Casetify a kotu a Kanada kan rigunansa na Inside Out.

Da hujjarsu ita ce "mu muka fara nuna cikin waya", da ban ba su gaskiya ba, don kowa yana iya buɗe waya ya ɗauki nasa hoton. Amma sun ɓoye wasu ƙananan alamomi da babu su a cikin wayar gaske: lambar R0807, da 11/11/11, ranar da aka kafa dbrand, da kalmar da Zack ya saba faɗi cewa gilashi gilashi ne, kuma yana fashewa. Suka ce sun tsinci waɗannan a rigunan Casetify. Mutum biyu suna iya ɗaukar hoton batir ɗaya ya fito iri ɗaya, amma ta yaya ranar kafa kamfanin wani za ta shiga naka hoton? A ganina wannan hujja ce mai nauyi ƙwarai. Casetify ya janye rigunan daga kasuwa, ya ce yana bincike.

Idan kuma siffar rigar ce ta musamman, kamar yadda aka ƙera kusurwoyinta, to wannan sai mai ita ya yi mata rajistar ƙira a ƙasar da yake son kariya.